Wanda Ya Sha Nono Kafin A Haife Shi

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Anti ina ci gaba?" ga shi nan, ku sarara mini haka. Wadda ta ce ta yi fushi da ni har Sallah ta dawo ta zauna, ba ni da wurin ajiye fushinta. Ku gyara zama, yau Khairiyya ta taɓo inda ba a taɓawa.

*

Dariyar da ajin ya ɗauka har bakin titin Sakkwato ana jin ta.

Khairiyya na tsaye a gaban allo, hannunta a kan tsohuwar laftof ɗin da yayanta Siddiƙ ya saya mata. Furojekta ya haska abin da manhajarta ta fitar a jikin bango, ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa ya ji.

SHEKARUN SIDDIƘ LOKACIN SHAYARWA: -3
SAKAMAKO: BA MUHARRAMAI BA NE

"Minos uku?" in ji wani mai dogon wuya daga kujerar baya. "Ke nan yayanki ya sha nono tun bai zo duniya ba. Wanga yaro da gaggawa shike."

Aka sake kecewa da dariya.

Ita kam ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Asabar ce, amma Malam Sharifuddeen bai san wata Asabar ba idan zango ya zo ƙarshe. Shi ke koya wa 'yan aji ɗaya kos ɗin Gabatarwa ga Ilimin Kwamfuta a reshen kwalejin da ke nan Tambuwal, kuma aikin da ya ba su shi ne kowa ya rubuta 'yar manhaja mai "idan kaza, to kaza" a kan wani abu da ya sani tun daga gida. Wasu sun yi ta makin jarrabawa, wani ya yi ta awon taki. Khairiyya kuwa 'yar Malam Aminullahi ce, ta tashi tana jin babin aure daga bayan labulen zaure, don haka ta rubuta wadda za a zuba mata dangi ta faɗi wa ya haramta ga wa.

Sai ta gwada ta da misalin da ta fi sani a duniya, wanda ya hana gidansu dariya shekara biyu: Siddiƙ da Zulfa.

Zulfa 'yar Iya Anisa ce, ƙanwar mahaifiyar su Khairiyya, marigayiya Mu'minatu. Ana dab da kai gaisuwar aurenta da Siddiƙ ciwo ya kwantar da Iya Anisa, kuma kafin ta cika ta yi maganar shayarwa. Maganar ta isa zaure, Malam Aminullahi ya buɗe littafi ya rufe, ya ce aure babu, 'yan'uwan shan nono ne. Daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaga zancen.

Yau ga kwamfuta ta ce ba haka ba.

"Ya isa," in ji Malam Sharifuddeen, ya buga tebur da murfin alƙalamin allo. "Mai dariya shi zan kira gaba. Khairiyya, mi nika gaya muku kullum?"

"Kwamfuta ba ta da wayo. Abin da ka ba ta shi taka dafawa."

"Madalla. To in tuwo ya ɓaci, ko dai hannun mai tuƙi, ko dai garin. Ko kod ɗinki, wato umarnin da kika rubuta mata, ko bayanan da kika zuba. Mu bi shi layi-layi, ba kuka za mu yi ba. Karanta mini sharaɗin."

"Idan mace ta shayar da yaro, kuma yaron yana cikin shekarun shan nono, to ɗiyanta duka sun zama 'yan'uwanshi."

"In ba haka ba?"

"In ba haka ba, babu haramci."

Malam ya juya ga ajin. "Akwai ɗan liman a nan. Haka ne?"

Mai dogon wuyan nan ne dai. Ya sosa ƙeya ya ce haka ne.

"To hannu lafiya lau. Mu duba gari. Ta yaya kwamfutar ta san lokacin da anka yi shayarwar?"

"Na gaya mata tare sunka sha da Yaya Rufa'i, ɗan farin Iya Anisa. Sai ta ɗauki shekarar haihuwar Yaya Siddiƙ, ta cire daga shekarar da anka yaye Yaya Rufa'i."

"Shekarun takarda kika sa? Kin san mutanenmu da rage shekaru."

"Malam, ko an rage ba a rage haka ba. Yaya Rufa'i shi ka ɗaukar Yaya Siddiƙ a wuya zuwa makarantar allo. Gajere na kawai, shi ya sa aka ɗaukarsu sa'o'i. Ya girme shi nesa."

Ta faɗi haka, sai bakinta ya tsaya a buɗe.

Mai dogon wuyan ma ya gyara zama.

"Ina kika samo cewa tare sunka sha?" Malam Sharifuddeen ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Da kunnena na ji. Ni ka yi mata fifita ranar. Cewa ta yi, 'Ɗan farin Yaya ni na shayar da shi, tare da Rufa'i, wanga nono guda, wancan guda.' Haka tac ce, Ummanmu taka ce ma Yaya. Matan da ke ɗakin sunka kai wa maza cewa ta shayar da Siddiƙ."

"Ita ta kama sunan Siddiƙ?"

Khairiyya ta runtse ido. Ta sake komawa ɗakin nan a ranta, warin man zafi, da hannun Iya Anisa mai sanyi.

"A'a," ta ce. "Ba ta kama suna ba."

Malam ya tako har gaban bangon, ya ɗora yatsa a kan minos ɗin nan da aka yi wa dariya.

"Kod ɗinki ba shi da laifi ko ɗaya. Abin da wanga ɗan layi ka gaya miki shi ne, cikin bayananki akwai guda da ba gaskiya ba. Ko dai ba tare da Rufa'i ba ne." Ya ɗan dakata. "Ko kuma ba Siddiƙ ba ne."

Ko kuma ba Siddiƙ ba ne.

Jama'a, Khairiyya ba ta san lokacin da ta fizge wayar furojekta ba. Ta rufe laftof, ta cusa a jaka, hijabinta har yana kama ƙusar tebur.

"Ina zuwa? Ban ba ki maki ba."

"Malam, ka aje mini makin. Yau bayan la'asar dangin wani ka zuwa neman auren Zulfa a Kebbe. In Baba ya shafa fatiha shi ke nan, ba a nema cikin nema."

Malam Sharifuddeen ya dubi agogon bango, ya dube ta.

"To mi kika jira? Wanga shi ne firaktikal ɗin."

*

Tun kafin ta kai tasha ta kira Siddiƙ. A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

Ta san za a rina. Da asuba ya ɗauki jaka ya ce ya samu aiki a Legas, a Jega zai hau mota. Kowa a gidan ya san ba aikin ne ya kore shi ba, ranar ce ba zai iya gani ba, amma kowa ya yi masa addu'a kamar bai gane ba.

Motar Kebbe saura mutane da yawa ta cika, direban ma yana can yana shan fura. Khairiyya ta tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur.

"Kebbe. Kuma gudu nika so."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, hanyag ga ba ta son gudu."

"Yau ta so."

Ta so kuwa, ko ba ta so ba. Kowane rami suka faɗa sai ta rungume jakar a ƙirji tana "Ya Salamu". Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, shanu suka tare su a wata kwana, ta kusa sauka ta kore su da kanta. Zuciyarta sai tsalle take yi tsakanin murna da tsoro. In ba Siddiƙ ba ne, to wane ne? Ita dai tun da ta buɗe ido shi ta sani a matsayin babba a ɗakinsu.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da za ta sani. Inno, kakarsu, wadda ta haifi Mu'minatu da Anisa. An ɗauko ta daga garinsu Fakku tun jiya saboda wannan taro.

*

Gidan su Zulfa ya cika da ƙamshin miyar taushe. Mata na ta kai da kawo, ana jera kwanonin masa da za a fitar wa baƙi.

A bakin rijiya ta ci karo da Zulfa, tana ɗauraye kofuna. Ba wanda ya tilasta mata wannan aure. Mai neman nata, sunansa Malami, mutumin kirki ne, mai shagon hatsi a kasuwa, ya daɗe yana bi da haƙuri, ita da kanta ta ce ya turo. Sai dai ta faɗe shi ne kamar mai karɓar magani.

"A'a, Khairi, ba kin ce kina da lakca ba? Dubi ƙurar da kika kwaso." Ta yi ɗan murmushi. "Yaya Siddiƙ ya tafi lafiya?"

Wannan "Yaya Siddiƙ" ɗin ya fi komai ci wa Khairiyya rai. Da can, lokacin da ana soyayya, ko da wuƙa aka ɗora wa Zulfa ba za ta kama sunansa ba. Sai dai "yayanki", ko "shi", tana rufe fuska da gyale. Ranar da aka ce ɗan'uwanta ne ta fara kiran sunan gatsau, kamar kowace ƙanwa, kuma duk wanda ya ji ya san abin da ya mutu.

"Ina Inno?"

"Tana ɗakin baya. Lafiya?"

"Kar ki je ko'ina. Ki tsaya nan."

Inno na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana goga goro a jikin 'yar magogi, don haƙoran sun daɗe da yin sallama.

"Ga 'yar boko," in ji ta. "An ji ƙamshin miya an sheƙo. Ke da ba ki iya tuƙa tuwo, sai danna allon bature."

"Inno, yau ba wasa ya kawo ni ba."

"To mi?"

Khairiyya ta durƙusa har gwiwarta na taɓa ƙafar tsohuwar.

"Wa Ummanmu ta fara haifa?"

Hannun Inno ya tsaya a kan magogin.

Ku da kuka sani kun sani. Mu'minatu 'yar farin Inno ce. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ko ranar da aka fita da gawarta a ɗaki ta yi kukanta. "Waccan" take ce mata, tana raye tana mace. Zancen waccan da na 'ya'yan waccan, Inno ba ta sa baki sai dai ta yi addu'a.

"Ke wace irin marar kunya ta? Ni za ki tambaya zancen waccan?"

"Inno, ki gafarce ni. Mi anka gaya miki lokacin da anka fasa auren Yaya da Zulfa?"

"An ce Anisa ta ce ta ba Siddiƙu nono." Ta kawar da kai. "Na yi mamaki, don ban gani ba. Amma ina Fakku suna nan, kuma mace ta fi kowa sanin nononta. Nic ce Allah shi sa haka ya fi alheri."

"Ba haka tac ce ba. Ina wurin. Cewa ta yi, 'Ɗan farin Yaya, tare da Rufa'i, wanga nono guda, wancan guda.'"

Goron ya suɓuce daga hannun Inno ya gangara ƙarƙashin gado.

"Sake faɗi."

Ta sake faɗa.

"Tare da Rufa'i?"

"Tare da Rufa'i."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Inno ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Anisa. Wayyo ɗiyan ga. Shekara biyu ana azabtar da su a banza."

"Inno, wane ne?"

Daga waje aka kira sallar la'asar, Khairiyya ta ji kamar a kanta ake kiran.

"Kafin ubanku," in ji Inno a hankali, "waccan ta yi wani aure can Fakku. Bai daɗe ba, mijin ya rasu ya bar ta da ciki. Ta haihu namiji. Ciwon nono yak kama ta, ko ɗigo babu. Lokacin Anisa na goyon Rufa'i, sai tah haɗa su."

"Yana ina?"

"Ya koma. Ko zama bai fara ba." Ta share ido da bakin zane. "Wanda ya koma da ƙuruciya ba a ƙirga shi, ba a ta da zancenai gaban uwa. Waccan ba ta ƙara faɗi ba, mu ma munka yi shiru. Ubanku ya san ta yi aure, bai san ta yi goyo ba. Da Siddiƙu ya zo, kowa yac ce ɗan fari."

Khairiyya ta ji hawaye na zubo mata, ga kuma dariya na neman ƙwace mata a lokaci guda. Tana da wani yaya da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Kuma Siddiƙ, Siddiƙ ɗinta da ya rame ya koma kamar sanda, bai taɓa zama haramun ga Zulfa ba ko na minti ɗaya.

"Inno, tashi. Tashi mu je zaure."

"Mu je ina?"

"Zaure. Da an sallame za su zauna."

"Ke je ki gaya ma ubanki. Ki nuna mishi allon naki."

"Baba ba shi warware hukunci da maganar kwamfuta, kin san shi. Cewa zai yi wa ya gani? Ke kika gani, Inno. Ke kaɗai kika rage."

"Ni in shiga zauren maza, gaban suruki, gaban baƙi, in buɗe baki in yi zancen waccan?" Ta girgiza kai da ƙarfi. "Na tsufa da kunyata, da ita za a rufe ni."

"To Zulfa fa? Da mi za a rufe ta?"

Inno ta ture magogin gefe.

"Yaya ya bar gari da asuba, Inno. Ko karyawa bai yi ba. Umma ta ɓoye ɗa guda don zafin rashinai. In kika yi shiru yau, na biyun ma ya tafi."

Maganar ta yi nauyi a bakin jika, ita kanta Khairiyya sai da ta tsorata da ta ji ta fito. Ta sunkuyar da kai tana jiran mari.

Marin bai zo ba.

Daga waje suka ji muryoyin maza ana ta "Bismillah, ku shigo", ana karkaɗe tabarmi.

"Miƙo mini sandata," in ji Inno.

*

Tsakar gidan nan ba ta da wani faɗi, amma ranar sai ta zama kamar hanyar Sakkwato. Inno na taku ɗaya tana hutawa, Khairiyya na riƙe da gwiwar hannunta, jakar laftof na rataye a ɗaya kafaɗar. Mata suka bar abin da suke yi suka bi su da ido.

"Inno, bayi kika nema? Ba nan ne ba," in ji wata daga cikinsu.

"Na san bayi tun ba a haifi uwarki ba. Kauce."

Zulfa ta biyo su da kofi a hannu, ta tsaya a bayan ƙyauren zaure.

A ciki an gama gaishe-gaishe. Baffan Malami ya riga ya faɗi abin da ya kawo su, an ajiye ƙwaryar goro a tsakiya. Mahaifin Zulfa ya ce shi ba shi da ta cewa, Malam Aminullahi ne uban yarinya a yau, abin da ya yanke shi ke nan. Malam ya gyara rawaninsa, ya yi hamdala, ya ɗaga hannuwa sama. Kowa ya ɗaga.

"Salamu alaikum."

Muryar tsohuwa ce, amma ta ratsa zauren.

Hannuwa suka tsaya a sama. Malam Aminullahi ya ga surukarsa tsaye a ƙofa, abin da bai taɓa gani ba tun da ya shigo danginsu. Ya yi zumbur zai miƙe.

"Inno, lafiya? Da kin aiko, ni in zo."

"Zamna, Malam. Sauke hannunka tukuna."

Ya sauke. Idonsa ya faɗa kan Khairiyya, kallon da ke cewa za mu haɗu a gida. Duk da haka ba ta saki hannun Inno ba.

"Baƙi, ku yi haƙuri da tsohuwa," in ji Inno. "Ɗanku ba shi da aibi, kowa ya shaide shi. Amma akwai maganar da in ban faɗe ta ba yanzu, ba ni da amsa gobe gaban Allah. Malam, kai ka raba Siddiƙu da Zulfa."

"Ba ni na raba su ba, Inno. Shari'a ta. Marigayiya ta ce ta shayar da shi."

"Ɗan farin yayarta tac ce. Tare da Rufa'i. Ga wadda ta ji nan." Ta nuna Khairiyya da haɓa. "Malam, ranar da anka ɗaura maka aure, ina Rufa'i?"

Malam ya ɗaga kai. Ya kalli rufin zauren.

"Shina gudu a tsakar gida," ya ce a hankali. "Shi ya zubar mini da fura a riga."

"An yaye shi?"

"An yaye shi."

"To Siddiƙu ya sha tare da shi ta ina?"

Malam Aminullahi, mutumin da bai taɓa rasa amsa a zaure ba, ya juya ga 'yarsa.

"Ke kika gano wanga?"

"Aikin makaranta na, Baba. Hukuncin da ka koya muna na rubuta ma kwamfuta, ban ƙara ba ban rage ba. Sai ta ƙi karɓar lissafin."

Ya jinjina kai. Sannan ya koma ga Inno, muryarsa ta sauya.

"In ba Siddiƙ ba ne, Inno, ɗan wa Anisa ta shayar? Shaida ba ta tsayuwa kan 'wani'. Sai da suna."

Matan da suka taru a bayan ƙyaure suka yi cirko-cirko. Duk wanda ke gidan ya san abin da ake nema daga bakin Inno, kuma ya san ba ta taɓa yi ba.

Inno ta dogara da sandarta, ta ɗaga kai.

"Sunanai Atiku. An haife shi Fakku, can kabarinai yake, bayan tsamiyar gidanmu." Ta ja numfashi. "Ɗan ɗiyata na. Ɗan Mu'minatu."

Wata daga cikin matan ta fashe da kuka.

Inno kuwa, da sunan ya fita, sai ta sake maimaita shi ƙasa-ƙasa, ita kaɗai, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. "Mu'minatu."

Malam Aminullahi ya cire tabarau ya goge ido da gefen rawani.

"Alhamdu lillahi da ba a shafa ba." Ya juya ga baƙi. "Ku gafarce mu. Hukunci na bin abin da anka sani, yau mun san abin da ba mu sani ba jiya. Ban ce muku a'a ba, ban ce muku i ba. Yarinya ta amsa muku ne tana zaton ƙofa guda ta rage mata. Yanzu sai an sake tambayarta."

Baffan Malami ya ɓata fuska, ya ja ƙwaryar goron kusa da ƙafarsa. "A tambaye ta yanzu, Malam. Mu ma da mutuncinmu munka zo. In mun fita zauren ga ba amsa, ba mu dawowa."

"Gaskiya ta," in ji Malam. "A kira Zulfa."

Ba a sha wahalar kira ba, tana nan a bayan ƙyaure, kofin nan har yanzu a hannunta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, gyale ya rufe rabin fuskarta.

"Zulfa, kin ji dut abin da anka faɗi?"

"Na ji, Baba."

"Ga mutanen Malami, sun zo da alheri. Ga kuma Siddiƙ, ya halatta gare ki, bai taɓa haramta ba. Ba mai matsa miki. Mi kika ce?"

Zulfa ta ajiye kofin a ƙasa.

Sannan ta juyo wajen Khairiyya, ta ja gyalen ta rufe fuskar gaba ɗaya.

"Khairi," ta ce, da wata 'yar murya da ba a ji ta da ita ba shekara biyu. "Yayanki... shi... shina ina?"

Ba ta kama sunan ba.

Guɗar da wata gwaggo ta saki a tsakar gida sai da tantabaru suka tashi daga kan danga. Baffan Malami ya miƙe ya ɗauki hularsa. Inno ta zame ta zauna a dokin ƙofa tana dariya da hawaye, ba haƙori ko ɗaya.

Malam Aminullahi ya dubi 'yarsa.

"Kira shi. Ki ce ni nic ce shi dawo."

Khairiyya ta zaro waya. Ta danna, ta sa a sifika, zauren duka ya kasa kunne.

A karon farko tun safe, wayar ta shiga.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Ta sake yi.

Aka ɗauka. Hayaniyar tasha ce ta fara cika zauren, sannan wata murya da ba ta Siddiƙ ba.

"Salamu alaikum. Daga tashar Jega ne. Mai wayag ga ya sayar mini da ita ɗazu har da layin, yac ce inda za shi ba shi son kowa shi neme shi."

Zulfa ta yaye gyalen daga fuskarta.

"Motar ta tashi?"

"Ga ta nan ana ɗaure kaya, Hajiya. Direba ya ta da inji."

Zulfa ta fizge wayar daga hannun Khairiyya, a gaban ubanta, a gaban Malam, a gaban baƙin da ke neman takalmansu.

"Bawan Allah, don girman Allah ka tsaya gaban motar nan."